Bindiga mai haɗi, baki ɗaya raifil baki ɗaya shotgan: amsar tambayoyin da kuka fi yi min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da na nuna hoton bindigar nan mai baki uku ta dattijon da nake bi farauta a nan Jamus tambayoyi ba su tsaya ba, kuma kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa, wani ya ce wace iri ce wannan, wani ya ce nawa take, wani kuma kai tsaye ya ce in sayo masa in taho da ita gida. To na ga gara in tara su wuri guda in amsa da abin da na gani da idona da abin da aka koya mana a ajin neman lasisin farauta.

Wai mece ce bindiga mai haɗi, me ya raba ta da mai baki biyu da muka sani?

Mai baki biyu da muka saba gani a hannun maharba a gida duka bututunta biyu iri ɗaya ne, cikinsu sumul yake, harsashinta kuma cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma da ke watsuwa in an harba. Ita ce shotgan, aikinta tsuntsu da zomo da duk abin da ke gudu ko tashi a kusa, in ya wuce kamar mita 35 to ƙwayoyin sun baje sun rasa ƙarfi, sai dai ka raunata dabba a banza. Raifil kuwa cikin bututunta akwai tsaga mai murɗewa, tana harba dunƙulen harsashi guda ɗaya, tsagar nan ita ke sa shi juyawa kamar katantanwa ya tafi a miƙe, da shi ake samun barewa a mita 100 ko 150 har fiye.

To mai haɗi ita ce wadda aka haɗa waɗannan biyun a jikin bindiga ɗaya, aƙalla bututu ɗaya mai tsaga, aƙalla ɗaya sumul. Karya ta ake yi a tsakiya a sa harsashi da hannu, kowane baki harbi ɗaya, ba ta da magazin. An yi ta ne don mutumin da ke tafe a ƙafa cikin daji bai san me zai tashi a gabansa ba, ko fakara ce ko gada, kuma ba zai iya saɓa bindiga biyu ba.

Iri nawa ce, kuma mene ne sunayensu?

Jamusawa ne suka fi kowa ba su suna dalla-dalla. In bututu biyu ne ɗaya a kan ɗaya suna ce mata Bockbüchsflinte, ita ce aka fi gani yanzu. In gefe da gefe ne Büchsflinte, Turawan Ingila kuma suna kiran wannan Cape gun saboda ta yi tashe a hannun manoma da maharban yankin Cape na Afirka ta Kudu, inda mutum zai fita neman zabin daji ya ci karo da babbar dabba, yawancinsu baki ɗaya shotgan mai lamba 12 ɗayan kuma raifil mai harsashin .303. Mai baki uku ita ce Drilling, kalmar tana nufin 'yan uku, wadda aka fi sani shotgan biyu ne a sama gefe da gefe, raifil ɗaya a ƙasansu. Akwai ma mai baki huɗu, Vierling, amma wannan kayan ado ne na masu kuɗi, nauyi gare ta, ni sau ɗaya na taɓa ganinta a cikin gilashi.

Me ya sa a Jamus da Ostiriya ta fi karɓuwa?

Tsarin farautarsu ne ya haife ta. A nan ba ka shiga daji ka yi ta yawo inda ka ga dama, an yanka ƙasa kashi-kashi, kowane yanki akwai maharbin da ya karɓe shi haya na shekaru, shi ke da alhakin duk dabbar da ke ciki, har ɓarnar da aladen daji suka yi wa gonar manomi shi za a nema. To mutumin nan in ya fita zagaye da asuba zai iya haɗuwa da ƙaramar barewarsu da suke kira Reh, ko yanyawa, ko agwagwa a bakin rafi, ko aladen, duk a fita ɗaya. Kuma dokar farautar Jamus ta hana a harbi dabba mai kofato da ƙwayoyin shotgan, dole sai da dunƙulen harsashi, shi kuma tsuntsu a sama ba a harbinsa da raifil. Ka ga ke nan dole a samo bindigar da za ta yi duka. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maƙeran garin Suhl a jihar Thuringia da na Ferlach a kudancin Ostiriya suka ƙware a kanta, sunaye irin su Sauer da Merkel da Krieghoff duk daga Suhl suka faro.

Ta dattijon nan da na ce muku ƙirar Suhl ce, shotgan biyu lamba 16 da raifil 7x57R a ƙasa, ya gaje ta a wurin mahaifinsa. Daidai tsakiyarta inda hannu ke riƙewa baƙin ƙarfen ya goge ya koma fari tas, katakon gindin kuma ya yi duhu saboda man shekaru. Wata safiya muna zaune a 'yar rumfar katakon nan mai tsani da suke kafawa a bakin daji, sanyi kamar ya tsinke yatsu, muna jiran barewa, sai ga yanyawa ta ɓullo ta ƙarƙashinmu bai fi taku ashirin ba. Bai motsa jikinsa ba, babban yatsa kawai ya ja ɗan maɓallin baya, ya ɗaga, shi ke nan. Da raifil zalla ce a hannunsa da ya lalata fatar, da shotgan zalla ce da barewar da ta fito bayan awa guda a mita 90 ta wuce abinta. Wallahi ranar na gane dalilin da ya sa tsofaffinsu ba sa rabuwa da ita.

A ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Finlan ma ana son ta, a Suwidin har da dalilin cewa doka takan ƙayyade yawan bindigogin da maharbi zai mallaka, ita kuma mai haɗi guda ɗaya ake lissafa ta alhali tana aikin biyu.

A Amurka fa, inda bindiga ta fi yawa?

A can ba ta taɓa zama ta manya ba, ta talaka ce da yaron gona. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Stevens ya fito da wata mai suna 22-410, ƙaramin harsashin .22 a sama, ƙaramar shotgan .410 a ƙasa, daga 1950 ta koma Savage Model 24, aka yi ta ƙera ta har wajen 2010. Daga baya sun yi ta da manyan harsasai, irin .222 da .223 da .30-30 a kan shotgan lamba 20 ko 12. Aikinta kurege da zomo da kashe abin da ke ɗauke kaji, a jingine ta a bayan ƙofa ko a jefa a mota. A 2012 suka kawo Model 42 mai gindin roba a madadinta, amma har yau masu tsohuwar 24 ba sa son sayarwa, shi ya sa kuɗinta a kasuwar na-hannu ya ƙi sauka.

Abin da ya hana ta yaɗuwa a can biyu ne. Na farko farautarsu lokaci-lokaci ce, akwai lokacin barewa daban, na agwagwa daban, na talo-talo daban, kuma jihohi da dama in lokacin shotgan ne ba a yarda ka riƙe raifil a daji ba, to haɗin ya zama ba amfani. Na biyu bindiga ba ta da tsada a wurinsu, da kuɗin mai haɗi guda mai kyau za ka sayi raifil mai magazin da fam-akshin har ka samu canji.

Da gaske ne sojoji da 'yan sama jannati sun yi amfani da ita?

Da gaske ne, amma ba don yaƙi ba, don neman abinci da kare kai daga namun daji in jirgi ya faɗi a inda ba mutane. A yaƙin duniya na biyu sojan saman Jamus sun sa kamfanin Sauer ya ƙera musu Drilling mai suna M30 a 1941 da 1942, guda 2,500 ko kusa da haka, shotgan biyu lamba 12 da raifil 9.3x74R, a cikin akwatin alminiyam, don matuƙan da ke shawagi a arewacin Afirka. Yau masu tara tsofaffin bindigogi suna zuba kuɗi sosai a kanta. Amurka a shekarun 1950 ta ba matuƙanta M6, wata 'yar siririya mai naɗewa biyu, .22 Hornet a kan .410, harsasanta a cikin gindinta ake ajiyewa, maimakon kunama wani dogon ƙarfe gare ta da ake matsewa don mai safar hannu mai kauri ya iya harbawa. Daga baya Springfield Armory ya sayar wa farar hula irinta da sunan M6 Scout.

Ta Tarayyar Sobiyet ta fi ban mamaki. A 1965 kumbon Voskhod 2 ya sauka a cikin dajin ƙanƙara nesa da inda aka tsara, ɗan sama jannati Alexei Leonov da abokin tafiyarsa suka kwana a can kafin a fito da su, wannan ne ya sa shi matsa lamba a yi musu makamin daji. Aka ƙera TP-82 mai baki uku, shotgan biyu a sama da raifil 5.45 a ƙasa, gindinta kuma adda ce a cikin kube. Daga 1986 aka riƙa sa ta a cikin kumbon Soyuz har kusan shekara ashirin.

Yaya ake zaɓar bakin da zai tashi?

Ya danganta da ƙirar. Mai baki biyu ta Turai yawanci kunama biyu gare ta, ta gaba raifil, ta baya shotgan, ba wani ruɗani. Savage 24 kunama ɗaya ce, tsofaffin da ɗan maɓalli a gefe, na baya-bayan kuma maɓallin yana jikin kunnen nan da ake ja baya da babban yatsa. Drilling ita ce mai buƙatar natsuwa, don baki uku ne kunama biyu. A zaman ta na yau da kullum kunamar gaba bakin dama, ta baya bakin hagu, in ka tura maɓallin da ke saman wuyanta gaba sai kunamar gaba ta koma ta raifil, a lokaci guda wani ɗan ƙarfen saiti ya miƙe tsaye a kan bututun, yana nuna maka cewa yanzu fa harsashi ne.

A nan haɗarin yake kuma malamanmu sun nanata shi har ba iyaka. In ka manta maɓallin yana gaba agwagwa ta tashi ka ɗaga ka harba, ka aika dunƙulen harsashi sama, shi kuwa yana iya tafiyar kilomita uku ko huɗu kafin ya sauko, ba ka san kan wa ba. Ga shi da yawansu kunamar gaba tana da wani tsari da in ka tura ta gaba sai ta yi laushi, taɓawa kaɗan ta tashi. A jarrabawar lasisi in ka yi kuskure wajen kwance wannan a gaban masu jarrabawa ka faɗi ke nan, ko da ka ci duk sauran. Ni na ga dacewar hakan ɗari bisa ɗari.

Tana da saiti kuwa kamar raifil zalla?

Harbin farko, ƙwarai kuwa, mai kyau ba ta da bambanci da kowace raifil. Matsalar tana farawa daga na biyu da na uku in an jera su. Tsofaffin ƙira bututun duka like suke da juna da dalma tun daga gindi har baki, to in ka harba raifil ɗin shi kaɗai ya yi zafi ya ɗan miƙe, sauran suna nan da sanyinsu sun riƙe shi, sai ya lanƙwasa kaɗan yadda ido ba zai gani ba. A Drilling da raifil ke ƙasa, harsashi sai ya riƙa hawa sama. Na gwada da ta dattijon a filin gwaji a mita 100, na farko a tsakiya, na biyu ya hau kamar faɗin yatsu biyu, na uku ya kusa tafin hannu. Ya ce min ɗana ajiye ta mu sha shayi, bayan kwata na awa muka dawo, harbin ya koma tsakiya daidai inda na farko ya shiga.

Kamfanoni irin su Blaser da Krieghoff sun magance wannan a sababbin ƙira, suna barin bututun raifil ɗin sake ba a like shi ba, har da ɗan sukurun daidaitawa. Amma ko da haka, wanda yake son ya yi ta ɓarin harsashi a filin gwaji ba bindigarsa ba ce wannan. Ta mai haƙuri ce da zai yi bisimilla ya yi harbi ɗaya.

Me ya sa take da tsada, kuma ba a cika ganinta a shago ba?

Saboda aikin hannun da ke cikinta. Ɗan ƙarfen saiti ɗaya ne a kan bindigar, amma ana so bututu biyu ko uku masu harsashi daban-daban duk su kai wuri ɗaya, to maƙeri sai ya haɗa, ya harba, ya narke dalmar ya gyara, ya sake harbawa, haka har su daidaita. Inji ba ya yin wannan da arha. Sabuwar Drilling daga manyan kamfanonin Jamus dubban Yuro take ci, in aka ƙara zane a jikin ƙarfe da madubin hange sai abin da Allah ya yi. Masu sauƙin kuɗi su ne waɗanda ba a ɓata lokaci sosai wajen daidaitawar ba, shi ya sa za ka ji mai ita yana ƙorafin raifil na bugun nan shotgan na bugun can.

A tsakiya akwai na Italiya irin su Zoli da Sabatti, da Brno ta ƙasar Cek, da Valmet 412 ta Finlan wadda ake iya canja mata bututu. A ƙasa kuma akwai Chiappa Double Badger, da Baikal ta garin Izhevsk a Rasha wadda ake kira IZH-94 ko MP-94, ba ta da kyan gani amma ƙarfi gare ta kamar jaki. Ita Baikal har Remington ya taɓa shigo da ita Amurka da sunan Spartan, takunkumin 2014 a kan kamfanin Kalashnikov ya tsayar da shigarta can, yanzu a Turai ma sai dai ta hannu. Masu saye kaɗan ne, masu ƙerawa kaɗan ne, mai shago kuma ba ya son ajiye kayan da zai shekara a kanta.

Tsofaffin fa, da gaske ne sun yi arha a Jamus?

Wannan shi ne abin da ke taɓa min zuciya. Bindigar da mutum ya tara albashin watanni ya saya a 1965, yau in ya rasu magada su kai shago a ba su 'yan ɗaruruwan Yuro, na sha ganin masu kyau da madubinsu a ƙasa da dubu ɗaya. Matasan maharba ba sa so. Ƙananan namun daji irin zomo da fakararsu sun ragu sosai saboda yadda noma ya canja, aladen daji kuma sun yi yawa, su kuwa farautarsu ta kora ce da ke son bindiga mai magazin mai saurin harbi. Daga 2020 doka ta sauƙaƙa wa maharba sa salansa, wato abin rage ƙarar harbi, don kare kunne, ita kuwa Drilling ta gargajiya ba inda za a ɗaura mata. Sannan tun Fabrairun 2023 Tarayyar Turai ta hana harba ƙwayoyin dalma a fadamu da kewayensu, dole sai na ƙarfe ko makamancinsu, tsofaffin bututun nan masu siririn jiki kuma da yawa ba a yi su don ƙarfe ba.

Arhar nan fa ta mai lasisin farauta ce da ke zaune a ƙasar, wanda ya ci jarrabawa, aka binciki tarihinsa, yake da akwatin ƙarfe na ajiya a gida. Kafin wani ya ce in sayo masa, ya duba amsar da na bayar kan dokar Najeriya a ƙasa.

Waɗannan lambobin, 12 da 16 da 7x57R, me suke nufi?

Na shotgan tsohon lissafi ne: in aka ɗauki dalma mai nauyin laba ɗaya aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bututu mai lamba 12, kusan milimita 18 da rabi. Ke nan lamba 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 ta fi 16 ƙanƙanta. Ita .410 ce kawai aka auna da inci. Na raifil kuma 7x57 na nufin faɗin harsashi milimita 7, tsawon kwanso milimita 57. Harafin R yana nuna kwanson yana da leɓe a gindi, kuma bindigar da ake karyawa ta fi son mai leɓe don ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje ya samu abin kamawa. Shi ya sa za ka ga 6.5x57R, 7x65R, 8x57JRS, 9.3x74R a jikinsu.

In mutum yana inda doka ta ba shi dama zai sayi tsohuwa, me zai duba?

Ya fara da ramin harsashi. Tsofaffin shotgan na Jamus da yawa ramin milimita 65 ne, harsashin yanzu kuma 70 ne, zai shiga lafiya ƙalau don a naɗe yake, amma in ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa sai matsi ya ƙaru. Haka 8x57JR da 8x57JRS, harafi ɗaya ne ya raba su amma na biyun ya fi kauri, sa shi a bututun na farko ganganci ne da rai. A cire katakon gaba a duba ƙarƙashin bututun, duk an buga waɗannan a wurin tare da tambarin gidan gwaji, na Suhl har wata da shekara suke bugawa, 558 na nufin watan Mayu 1958. In akwai tambarin fure mai kunne uku to an gwada ta da ƙwayoyin ƙarfe.

Sai a rataye bututun a yatsa a ƙwanƙwasa, in ya yi ƙara kamar ƙararrawa dalmar na nan, in ya yi bif to ta saki wani wuri, gyaran kuma ya fi kuɗin bindigar. A rufe ta a girgiza a ji ko tana da lako-lako. Madubin hangen tsofaffin da wasu ƙugiyoyi ake maƙala shi waɗanda aka fere da hannu don wannan bindigar kaɗai, canja madubi ke nan sai an koma wurin maƙeri. Kar kuma a biya sai an harba ta a sanyaye kamar yadda na yi bayani a tambayar saiti, kuma a tabbatar ana samun harsashinta, don irin 9.3x72R yanzu nemansa aiki ne.

Ba gara in sa dunƙulen harsashi a shotgan ɗina ba kawai?

Ana yi, akwai harsashin shotgan mai dunƙule ɗaya irin na Brenneke, yana aiki a kusa, kamar mita 35 zuwa 50, bayan nan ba a dogara da shi. Tun 1886 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da Paradox, shotgan ce da aka yi wa tsaga a 'yan incin ƙarshe na baki don ta harba duka biyun. Akwai kuma siririn bututun raifil da ake zurawa cikin bakin shotgan, Jamusawa na sa shi a bakin dama na Drilling da ƙaramin harsashi irin .22 Hornet. Duk dabaru ne masu kyau, amma ba wanda ya kai bututun raifil na gaskiya a nesa.

Za ta yi amfani wajen tsaron gida ko na gari?

Na san abin da ke sa ake yin wannan tambayar, na san halin da ƙauyukanmu ke ciki, kuma ba na ɗaukar ta da wasa. Amma gaskiya a'a. Harbi biyu ne ko uku sai ka karya ka sake ɗurawa da harsashi iri biyu daban, ga maɓallin da ke son natsuwa, ga harsashin raifil da ke huda bango ya wuce gidan maƙwabci. Ba a yi ta don tashin hankali ba.

Dokar Najeriya ta yarda a mallake ta? Za ka iya taho min da ita?

Ba zan iya ba, kuma duk wanda ya ce maka zai iya a ɓoye to zai kai ku gidan yari ne ku biyu. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa su uku. Bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, irin su harba-ka-ruga, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shotgan ta farauta wadda ba mai sarrafa kanta ba da raifil ta farauta suna hannun Sufeto Janar. Sai rukunin da aka haramta, wanda sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki akwai fistol da raifil masu harsashin soja, dokar ta ambaci 7.62 da 9 na milimita da .300 da .303. Ka ga ke nan Cape gun ɗin nan mai .303 da na ambata a sama, bakinta ɗaya ya isa ya jawo maka babbar magana, ko da kakanka ne ya bar ta. Lasisin shotgan ba ya rufe bakin raifil.

Ban da haka a 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, shigo da bindiga ko harsashi kuma izini ne daban, ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta ɗaure safarar ƙananan makamai tsakanin ƙasashe, ita ma Jamus ba ta barin bindiga ta fita sai da takardar izini. A ce ma duk an samu, ina za ka samu 7x57R a Kano ko Jos? Wanda ya gaji irinta a gida, hanyar da ta dace ya nemi lauya su je wurin hukuma tare.

Maƙeranmu na gida ba za su iya ƙera irinta ba?

Ina girmama maƙeranmu, hannunsu na da albarka, amma don Allah kar a gwada. Matsin da ke cikin harsashin raifil ya ninka na shotgan sau uku ko fiye, ya kuma yi wa na albarushin bindigar toka nisa, yana son ƙarfe na musamman da gidan gwajin da zai harba ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida kafin a ba mutum. Bututun famfo in ya fashe fuska da yatsun mai harbi yake ɗauka. Ƙera bindiga ba izini kuma laifi ne a dokar da na ambata.

Kai in za ka zaɓa wacce za ka ɗauka?

Mai baki biyu ɗaya a kan ɗaya, shotgan lamba 12 ko 20 da raifil 7x57R, mai sakakken bututu. Ta fi Drilling sauƙin nauyi, kunama biyu ba maɓallin da zan manta, kuma ana karya ta gida biyu ta shiga jaka. Amma dattijon ya riga ya gaya wa 'ya'yansa, su ba mai farauta a cikinsu, cewa in ya ajiye tasa ni za a fara yi wa tayi kafin a kai shago. Na kai ta wurin maƙeri ya auna, ramin 70 ne, dalmar ba ta saki ba, madubin ne kawai ya ɗan yi hazo a gefe.